Shafukan intanet a arewacin Kamaru: An iya gini, saura tsaro

Tun daga watan Yulin 2021, duk mutumin Garwa da ke neman fasfo da intanet yake farawa: a can zai cike takarda, ya biya kuɗi, ya zaɓi ranar da zai je a ɗauki hotonsa. A watan Fabrairun 2025 katin shaidar ɗan ƙasa ya bi sahu. Kuɗin makarantun sakandare na gwamnati kuwa tun shekarar karatu ta 2018/2019 aka fara karɓarsa ta hanyar zamani, shi kuma ciniki ta MTN Mobile Money da Orange Money ya zama ruwan dare daga babbar kasuwar Garwa har zuwa Pitoa da Lagdo. A cikin 'yan shekaru, sunan mutum da na iyayensa, ranar haihuwarsa, hotonsa da lambar wayarsa sun bar cikin akwatin ƙarfe sun koma cikin kwamfutocin da bai taɓa gani ba.

Waɗancan manyan shafuka manyan kamfanoni ne suka gina su. Amma a ƙarƙashinsu akwai wani sahu da ba a cika magana a kansa ba: shafin makarantar kuɗi da ke nuna wa iyaye sakamakon jarrabawa, na ƙaramin asibiti, na bankin talakawa, na kamfanin motocin safa da ke zirga-zirga tsakanin Ngaundere da Garwa da Marwa, na otal, na ƙungiyar manoman auduga. Galibin irin waɗannan matasa ne ke gina su, wasu sun fito daga jami'o'in Ngaundere da Marwa, wasu suna karatu a Jami'ar Garwa da aka kafa a watan Janairun 2022, wasu kuma da bidiyon YouTube suka koya wa kansu. Wannan abin alfahari ne. Sai dai idan an zauna cinikin aiki, tambayoyin da mai makaranta ko mai asibiti ke yi ba sa wuce uku: nawa ne, yaushe za a gama, kuma zai yi kyau a waya? Tambaya ta huɗu, wato wa zai iya ganin abin da ke ciki, da wuya a ji ta.

Ita ce ya kamata ta zo farko, kuma amsarta ba ta da wuya kamar yadda ake zato. Mafi yawan kutsen da ake yi wa shafuka ba aikin wasu hatsabibai ba ne. Ta wasu kafofi ake shiga waɗanda aka san su shekara da shekaru, aka kuma san yadda ake toshe su. Ƙungiyar OWASP, wadda aka kafa a 2001, tun 2003 take fitar da jerin raunuka 10 mafi hatsari a manhajojin intanet. Jerin kyauta ne, na 2021 har fassarar Faransanci yake da ita. Duk wanda ya gwada jerin farko da na baya-bayan nan zai ga tsofaffin fuskoki ne ke ta dawowa.

Wanda ya hau saman jerin na 2021 shi ne rashin tantance izini. A ce wata makaranta a unguwar Yelwa ta ba kowane uba kalmar sirri don ya duba sakamakon ɗansa. Ya shiga, sai ya lura adireshin da ke saman shafin ya ƙare da lamba 1045. Ya goge 5 ya sa 6. Idan sakamakon ɗan maƙwabcinsa ya bayyana, da bashin kuɗin makarantar da ake bin uban, to an gama: manhajar ta tambayi mutumin ko shi wane ne, amma ba ta tambayi ko takardar da ya nema tasa ce ba. Wannan kuskuren ne ya tona asirin kamfanin inshora na First American a Amurka. A watan Mayun 2019 ɗan jarida Brian Krebs ya bayyana cewa takardu kusan miliyan 885, ciki har da bayanan asusun banki, suna buɗe ga duk wanda ya sauya lamba a adireshi. A Ostireliya ma, a watan Satumban 2022, an kwashe bayanan abokan hulɗar kamfanin sadarwa na Optus kusan miliyan 10 ta wata mashiga da aka bari ba tare da ko kalmar sirri ba.

Maganin shi ne kwamfutar da ke ɗauke da shafin ta riƙa bincika izini a kan kowace buƙata, ba sau ɗaya wajen shiga ba. Ɓoye maɓallin "goge" daga idon ɗalibi bai hana ɗalibin aika umarnin gogewa ba. Wannan ya fi muhimmanci inda kuɗi ya shigo. Duk abin da ya fito daga wayar mai saye, mai sayen na iya sauya shi: farashin tikitin mota, adadin kaya, har da saƙon da ke cewa "an biya". Shafin da ya yarda da wannan saƙo ba tare da ya tabbatar daga wajen kamfanin da kuɗin ya bi ta hannunsa ba, wata rana zai sayar da tikitin jaka 5 a kan sefa 50, mai kamfani kuma ya kori akawunsa a banza.

Rauni na biyu ya girmi da yawa daga cikin masu gina shafukan. A watan Disambar 1998 wani masani mai suna Jeff Forristal ya yi bayanin yadda ake cusa umarni cikin rumbun bayanai ta hanyar akwatin da aka tanada don rubuta suna. Manhaja tana magana da rumbunta da wani harshe da ake kira SQL. Idan mai ginin ya ɗauki abin da baƙo ya rubuta ya manna shi kai tsaye cikin jimlar umarni, rumbun ba zai bambance suna da umarni ba. Mai mugun nufi sai ya rubuta rabin suna, ya rufe da alamar waƙafin sama, ya ci gaba da nasa umarnin: kawo duk sunaye, kawo duk kalmomin sirri, ko share komai.

A wannan yanki akwai gwaji mai sauƙi da mutane ke yi kullum ba su sani ba. Asma'u da Sa'adu da Isma'ila duk suna da wannan alama a tsakiyar sunansu, haka N'Djamena. Idan Asma'u ta rubuta sunanta shafi ya tsaya cak, ko ya fito da wani dogon rubutun kuskure, sau da yawa ma'aikacin da ke wurin cewa yake yi ta cire alamar kawai a ci gaba. Alhali abin da ya faru shi ne rumbun ya ɗauki rabin sunanta a matsayin umarni. Kafar da sunan Asma'u ya faɗa ciki bisa kuskure, ita ɓarawo ke nema da gangan. A watan Oktoban 2015 ta irin wannan kafa aka shiga kamfanin sadarwa na TalkTalk a Ingila, aka ɗebi bayanan mutum 156,959, hukumar kare bayanai ta ƙasar ta ci shi tarar fam 400,000. Shafukan da aka bi tsofaffi ne da ya gada lokacin da ya sayi reshen kamfanin Tiscali a 2009, ya manta da su. A 2023 kuma gungun Cl0p ya yi amfani da wannan tsohuwar dabara a kan manhajar aika fayil ta MOVEit, ya taɓa hukumomi da kamfanoni fiye da 2,000. Shekara 25 ke nan bayan gargaɗin farko. Maganin kuwa layi biyu ne ko uku na rubutu: a aika umarni daban, a aika abin da baƙo ya rubuta daban. Harshen PHP, wanda akasarin ƙananan shafuka ke amfani da shi, yana da wannan tsari a cikinsa, kayan gina shafi irin su Laravel da Django kuma da kansu suke yi idan ba a kauce musu ba.

Akwai ɗan'uwan wannan rauni da ba rumbu yake hari ba, masu ziyara yake hari. Idan shafi yana nuna abin da wani ya rubuta ba tare da tacewa ba, ana iya ɓoye umarni cikin saƙo, duk wanda ya buɗe saƙon sai burauzarsa ta aiwatar. A watan Oktoban 2005 wani matashi, Samy Kamkar, ya yi haka a dandalin MySpace, cikin ƙasa da kwana ɗaya abin ya bazu zuwa shafukan mutum fiye da miliyan 1. Nasa wasa ne. Wanda ba wasa yake ba zai aika wa magatakardan makaranta saƙon ƙorafi, magatakarda ya buɗe, a sace izinin shigarsa. A garin da mutane da yawa a shagon intanet suke cike takardu, mutum goma su zauna a kwamfuta ɗaya a wuni, dole ne kuma shafi ya iya rufe kansa bayan ɗan lokaci idan an tashi an bar shi.

Sai batun kalmar sirri. Shafi mai mutunci ba ya ajiye kalmar sirrin mutum yadda ya rubuta ta. Niƙa ta yake yi ta wata hanyar lissafi da ba ta komawa baya, ya ajiye sakamakon. A 2009 an fasa kamfanin RockYou aka tarar da kalmomin sirri miliyan 32 zube a fili, har yau da wannan jeri masu kutse ke gwada sa'arsu. LinkedIn ya niƙa nasa, amma da tsohuwar hanya mai rauni, shi ya sa bayan satar 2012 aka warware mafi yawansu. Hanyar bcrypt tun 1999 take, Argon2 tun 2015, kuma tun 2013 PHP ke da umarni guda da ke yin wannan aiki. Alamar gane shafi marar kyau a nan ba ta buƙatar ilimi: idan mutum ya manta kalmarsa aka turo masa ita kanta ta saƙon waya, to a fili take ajiye.

Illar ba ta tsayawa a shafin da aka fasa. Mutane da yawa lamba ɗaya suke amfani da ita ko'ina, sau da yawa shekarar haihuwa ce, kuma ita ce ta asusun kuɗinsu na waya. Ko ba a sami lambar ba, suna da lambar waya da sunan makarantar yaro sun isa. Mai damfarar da ya kira ya ce daga kamfanin waya yake, ana iya kashe masa waya. Wanda ya kira ya ambaci sunan yarinya da ajinta da ragowar kuɗin da ake bin mahaifinta, da wuya a ƙi saurarensa. Uban da aka cuta ba zai taɓa sanin daga shafin makarantar bayanin ya fita ba, kansa zai zarga.

Babu mai gina manhaja daga tushe. Kowa yana haɗa sassan da wasu suka rubuta, sassan kuma ana gano musu rauni ana fitar da gyara. A watan Maris na 2017 aka fitar da gyaran wani rauni a Apache Struts. Kamfanin Equifax na Amurka bai sa gyaran ba, a watan Mayu aka shiga, ba a farga ba sai ƙarshen Yuli, bayanan mutum miliyan 147 suka fita, a 2019 ya amince da biyan diyyar da za ta iya kaiwa dala miliyan 700. A nan gida abin yakan zo ta wata siga. An gina shafi da WordPress, an ƙawata shi da kayan ado na sata da aka sauke kyauta, waɗanda sau da yawa da mugun abu a ciki suke zuwa. An biya yaron da ya gina shi, ya sami aiki a Yawunde ko Duwala, ya tafi da kalmar sirrin. Shafin ya shekara uku yana karɓar bayanan jama'a babu mai sabunta shi.

Kusa da wannan akwai sakacin saiti: sunan shiga da kalmar sirri duka "admin", shafin sarrafa rumbu a buɗe ga duniya, kwafin rumbun baki ɗaya an ajiye shi inda kowa zai iya saukewa, mabuɗan asusun biyan kuɗi an manta su cikin rubutun manhajar da aka ɗora a dandalin GitHub. A 2016 da mabuɗan da aka samu a GitHub aka kwashe bayanan mutum miliyan 57 na kamfanin Uber. Shafin da har yanzu ba ya ɓoye abin da ke wucewa tsakaninsa da mai ziyara ma ba shi da uzuri, tunda Let's Encrypt kyauta take ba da takardar shaidar yin hakan tun ƙarshen 2015.

Za a ce, wa ya damu da shafin wata makaranta a bakin Binuwai? Ai masu kutse bankunan Turai suke nema. Wannan tunani ya dogara ne da zaton mutum ne ke zama ya zaɓi wanda zai kai wa hari. Ba haka abin yake ba. Manhajoji ne ke zagaya intanet dare da rana suna ƙwanƙwasa kowane adireshi, ba su san Garwa ba, ba su san Paris ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsaga kawai suke nema. Shafin da ba shi da abin sata ma yana da amfani wajensu, don su ɗora shafin banki na bogi a kansa. Kamaru ta taɓa ɗanɗana ɓacin suna a wannan fage: a 2009 kamfanin McAfee ya sa adireshin .cm a matsayin mafi hatsari a duniya, saboda 'yan damfara na tare masu kuskuren rubuta .com. A ƙarshen Janairun 2024 kuma kamfanin lantarki na Eneo ya sanar da harin da ya dagula wasu ayyukansa, masu mitar biya-kafin-sha suka ji a jikinsu.

Darasin maƙwabta ya fi kusa. A 2024 a Najeriya, 'yan jaridar FIJ da ƙungiyar Paradigm Initiative sun bankaɗo shafukan da ke sayar da bayanan katin ɗan ƙasa ga duk mai so, wani a kan naira 100 kacal, har aka sayi takardar ministan sadarwa Bosun Tijani don a nuna girman ɓarnar. Ko babban rumbun gwamnati na da tsaro, ƙananan shafukan da aka ba hanyar leƙa shi suna iya zama magudana. Duk matashin da ke haɗa manhajarsa da ta banki ko ta kamfanin waya, irin wannan amana ce a hannunsa.

Hujja ta biyu da ake kawowa don kare rashin tsaro ta fi ƙarfi, ita ce ta kuɗi. Wanda aka ba ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, aka ce ya gama cikin mako biyu, ba zai zauna gwajin tsaro ba, kuma ba adalci ba ne a ɗora masa laifin shi kaɗai. Gyare-gyaren da aka lissafa a sama kusan dukansu kyauta ne, amma suna cin lokaci, sabuntawa kuma aiki ne na kowane wata. Mai makarantar da ke biyan maigadi albashi don ya tsare kujeru da allo, ya kamata ya ware wani abu don wanda ke tsare bayanan yara ɗari biyar. Akwai kuma tsaron da ba ya cin ko dala: rage abin da ake tarawa. Kamfanin mota ba ya buƙatar ajiye hoton katin shaidar fasinja shekara biyar bayan tafiyar, abin da ba a ajiye ba kuwa ba a sace shi.

Doka ma ta riga ta yi magana. Dokar tsaron intanet mai lamba 2010/012 ta ranar 21 ga Disambar 2010 ta haramta shiga tsarin wani ba izini, ta kuma ba hukumar ANTIC ikon binciken tsaron tsare-tsaren sadarwa. Dokar kare bayanan mutum mai lamba 2024/017 ta ranar 23 ga Disambar 2024 ta ƙara gaba: ta ɗora nauyi a kan wanda ke tara bayanan, ta ba da wa'adin wata 18 a gyara. Ma'ana, idan bayanan marasa lafiya suka fita, mai asibiti ne zai fara amsa tambaya, ba yaron da ya tafi Duwala ba. Abin da ya rage shi ne hanyar kai rahoto. Ɗalibin da ya lura lamba 1046 tana buɗe takardar wani, yau shiru yake yi, don yana tsoron a ce shi ne ɓarawon. Tun 2022 akwai ƙa'idar duniya ta ɗan ƙaramin fayil da ake kira security.txt, inda mai shafi ke rubuta adireshin da za a sanar da shi rauni. Bankunan talakawa da manyan makarantun yankin za su iya farawa da wannan, tare da alkawarin ba za su kai ƙarar wanda ya sanar da su da kyakkyawar niyya ba.

Jami'o'in arewa uku su ke da babban rabo. Tsaro bai kamata ya zama darasin zaɓi a shekarar ƙarshe ba. Ranar da aka koya wa ɗalibi haɗa shafi da rumbu, ranar ya kamata a nuna masa yadda ake fasa shi. Kayan koyon kyauta ne: WebGoat da Juice Shop manhajoji ne da OWASP ta gina da raunuka da gangan don a yi atisaye, suna aiki a kan kwamfutar cinya ko babu intanet, abin da ya dace da inda wuta da sabis ba su da tabbas. Malamin da ke duba aikin kammala karatu zai iya rubuta Asma'u a akwatin suna, ya sauya lamba a adireshi, kafin ya ba da maki. Wannan ya ƙara zama dole yanzu da ɗalibai ke karɓar rubutun manhaja daga ƙirƙirarriyar basira suna mannawa ba tare da sun karanta ba.

Shi kuma mai ba da aiki, ko bai san komai a kwamfuta ba, yana da damar riƙe kason ƙarshe na kuɗi har sai an nuna masa abubuwa biyar a gabansa: cewa uba ɗaya ba ya ganin takardar ɗan wani, cewa ko mai ginin ba ya iya karanta kalmar sirrin kowa, cewa akwai kwafin bayanai a wani wuri daban kuma an gwada dawo da shi, cewa adireshin shafin da mabuɗansa da sunan makarantar ko asibitin aka yi musu rajista, da kuma sunan wanda zai riƙa sabunta shafin kowane wata da abin da za a biya shi. A rubuta su cikin yarjejeniya, kowane ɓangare ya sa hannu, a kuma nemo wani mai gina manhaja daban, wanda ba shi ya yi aikin ba, ya gwada su ɗaya bayan ɗaya kafin a buɗe shafin ga iyaye.